Tsingaron Goggo Dija

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da Babana ya kawo ni gidan Goggo Dija a unguwar Ngojin shi ne tsingaro. Gutsattsarin fasassun tukwane ne aka kakkafa a ƙasa a jere, tun daga gindin katangar yamma har zuwa ƙofar madafi. Na ɗauka wasan yara ne aka manta ba a kwashe ba. Da yake Innata ta ja mini kunne cewa in na shiga gidan mutane in nuna ina da amfani, sai na ajiye ƙunshin kayana, na sunkuya, na cire guda ɗaya.

"Ke! Ke! Sakar mini Ladi!"

Na saki, na waiga. Wata doguwar mata ce ta fito daga madafi, hannayenta sharkaf da man gyaɗa, tana nuna ni da gwiwar hannu.

"Wannan da kika tumɓuke Ladi ce. Maza mayar da ita raminta kafin ta rasa kitsonta na yau!"

Babana ya yi dariya har yana riƙe da bango. Ya ce, "Yaya Dija, har yanzu kina nan da abin nan naki?"

Ta ce, "Ranar da ka kawo mini ƙarin hannu huɗu zan daina. Yau ma ƙarin baki ka kawo mini."

Ni ce ƙarin bakin. Dagacin ƙauyenmu, can bayan Nangere, shi ya sa sunana cikin yaran da za a kai elemantare, kuma ba mu da kowa a Potiskum sai ita, yayar Babana. Haka na zama 'yar gidan.

Ku da kuka san ta ba sai na yi muku dogon bayani ba, amma saboda waɗanda suka tare a unguwa daga baya, ga yadda abin yake. Mijinta, Baba Soja, ya rasu ya bar mata yara, ga kuma marayun ƙanwarta biyu da ta ɗauko. Safiyarta ta gyaɗa ce: suya, niƙa, matsar mai, murza ƙuli-ƙuli. Daga azahar kuwa ta yara ce. Kowane yaro yana da tsingaronsa a tsakar gida. In inuwar katanga ta rarrafo ta taɓa naka, to Goggo taka ce kai kaɗai har inuwar ta kai na gaba. A nan za ka kawo ƙara, a ɗinke maka wando, a cire maka ƙaya, a yi miki kitso, ko kuma ka kwanta kawai a cinyarta ka yi kukan da ka tara tun safe. In kuwa ka zo kafin lokacinka, amsa ɗaya ce, kuma na san yanzu haka wasunku sun riga sun faɗe ta a zuci:

"Jira inuwarka!"

Abu uku ne kaɗai ba sa jira a gidan nan: jini, wuta, kunama. Duk wanda ya rugo da ihu, tambayar da za ta yi masa ke nan ba tare da ta ɗago kai ba. In babu ko ɗaya a ciki, sai ya koma ya zauna.

Ban yi sati a gidan ba na ga aikin dokar da idona. Goggo na tsakiyar yi wa Ladi kitso sai ga Sabo, wanda ya ɗan girme ni, kuma duk wata ɓarna a gidan da hannunsa a ciki, ya shigo a guje.

"Goggo! Goggo! Auta ya cusa wake a hanci!"

"Jini?"

"A'a."

"Wuta?"

"Haba Goggo, wake fa na ce!"

"Yana numfashi?"

"Da ɗaya hancin."

"To Allah ya san abin da ya sa ya ba shi biyu. Waken nan ba zai tsiro kafin la'asar ba. Ya jira inuwarsa."

Auta ya je ya tsuguna a gaban tsingaronsa, hanci a kumbure, yana kallon inuwa kamar mai jiran mota. Ni kuwa ina lura da Goggo: hannunta na kitso, amma idonta bai bar yaron ba ko sau ɗaya, kuma ranar kitson Ladi ya fito a karkace. Da inuwa ta iso, ta toshe masa lafiyayyen hancin da yatsa, ta hura masa iska a baki, waken ya fito fit ya faɗa a zaninta. Ta ɗauka ta juya shi, ta goge, ta ce, "Lafiyarsa ƙalau," ta jefa shi cikin kwandon iri. Sabo ya rantse har yau cewa waken da ya yi yaɗo a bayan madafi a daminar nan jikan hancin Auta ne, kuma ya ƙi cinsa.

Shi Sabon ma ai ya sha nasa. Wata rana ya ga lokacinsa ya yi masa kaɗan, sai ya faki ido ya matsar da tsingaronsa wajen katanga da kamar taki guda, ya toshe tsohon ramin da ƙasa, ya tattake. Goggo ta fito ta tsaya a kan jerin. Ni na san ta gani, domin ta taɓe baki irin yadda take yi in an kawo mata gyaɗa mai ƙwari. Ba ta ce komai ba sai da inuwa ta taɓa shi.

"Sabo ɗana, zo. Na ga kana son uwarka da yawa."

Ta sa shi ya kawo soso da sabulun salo da dutsen goge kaushi. Ta wanke shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ta yanke masa farce, ta ƙwaƙule masa kunne da gashin kaza, ta sake komawa kan wuya. Yana ihu yana cewa, "Goggo ya isa, inuwa ta wuce!" tana cewa, "Ina! Ai da saura, kai ka ƙara wa kanka." Kafin magariba da hannunsa ya mayar da tsingaron, har ya ɗan wuce da shi gaba.

Duk wannan ina gefe ina kallo. Wurina shi ne gindin katangar yamma, inda inuwa take fara fitowa, in jingina bayana da bango, allona na makaranta a cinya. Saboda haka Sabo ya raɗa mini Ƙadangaruwa, kuma sunan ya bi ni har aji. Na san kowane tsingaro kamar yadda na san fuskokin masu su. Na Ladi yana da jan layi a baki. Na Sabo baƙi ne ƙirin, gindin tukunyar miya. Na Auta ɗan ƙarami ne mai kunne. Na Yaya Buba, babban ɗanta, yana nan a wurinsa ko da yake shi tuni ya fara bin dillalai a kasuwar shanu, ba ya dawowa sai dare, inuwa takan wuce ta kansa Goggo ta yi tsaki ta ce, "Ya yi asara." Daga can ƙarshe kuma, dab da ƙofar madafi, akwai wani babba mai kauri, bakin tulu, wanda inuwa ba ta kai masa sai rana ta yi ja. A nan Goggo takan zauna ita kaɗai ta miƙe ƙafa, kuma ko Auta ba ya zuwa kusa.

Nawa ne babu.

Ba mugunta ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Tuwona ba ya yankewa, kuma da aka yi wa Ladi sabon zane an yi mini. Mantawa ta yi, ni kuma na kasa tuna mata. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga hanyar makaranta, in jera ta tsaf: Goggo, ni ma a kafa mini. In na shigo na gan ta da gumi, wannan na ja, wancan na kuka, sai maganar ta koma ciki. Sau ɗaya na yi dabara. Ina da wani farin dutse mai santsi da na tsinta a hanyarmu ta zuwa daga gida. Na kafa shi tsakanin na Ladi da na Auta, na koma gindin katanga. Da safe Goggo na shara ta ci karo da shi.

"Wa ya kawo dutse cikin mutane?"

Ta cilla shi bayan katanga. Ban ce nawa ne ba. Ban kuma same shi ba.

Ranar kasuwa in Babana ya shigo gari yakan leƙo, ya tsaya a zaure ya ce, "Halima, lafiya dai ko?" In ce lafiya. Ya ce Innata na gaishe ni, ya ba ni ɗan ƙunshin aya, ya tafi. Nakan bi bayan jakinsa da ido har ya sha kwana.

Da damina ta faɗi sai tsarin Goggo ya gamu da abokin gaba, wato hadari. Ran da gari ya lumshe babu inuwa, in babu inuwa kuwa babu lokacin kowa. Sai ta fito ta dubi sama, ta tafa hannu ta ce, "To, yau Allah bai ba da lokaci ba. Kowa ya riƙe ƙararsa sai gobe." Yara su yi ta dambe a ɗaki, ita kuwa ta ci gaba da murza ƙuli-ƙuli kamar ba a gidan take ba. Ni abin ya fi shafa, domin da safe ba ta sallamata zuwa makaranta sai rana ta taɓa bakin randa. Ran da babu rana sai in yi ta ɓarar gyaɗa, ina jin ana buga ƙarfen makaranta daga nesa, ba ni da bakin cewa an buga. Na sha bulala har Malam Babba, shugaban makarantarmu, ya gaji da dukana ya tako da kansa. Ya tsaya a zaure, ita tana daga bayan ƙofa.

"Baba, yarinyar nan duk ranar hadari sai ta makara."

"To Malam, ni na haɗa hadarin?"

"An ce akwai agogo a gidan nan."

"Akwai. Na marigayi ne, da shi ya dawo daga soja."

Ta aiki Sabo ya ɗauko. Yana cikin kwalla, an naɗe shi da tsumma, cikin tsumman akwai wani tsumman. Malam ya kara shi a kunne.

"Ai a tsaye yake. Ba kwa murɗa shi?"

"Ana murɗawa mana. Duk Sallah. Yara su saurara, a mayar."

"Kullum ake murɗa agogo, Baba."

"Kullum! In ya ƙare fa? Me zan bar wa Buba?"

Malam ya yi ta bayani har ya cire hula ya share gumi. Daga ƙarshe aka daidaita: ranar hadari kaɗai za a fito da shi. Ya juya hannayen agogon ya nuna wa Sabo inda za su tsaya, ya ce in sun kai nan a sallame ni. Goggo ta ce ta ji, ta kuma gode.

Hadari na gaba, ta bar ni na ɓare gyaɗata tas, na share wurin, na wanke kwano. Sannan ta buɗe kwalla, ta warware tsumma, ta yi wa agogo rabin murɗi don kada ya gaji, ta sa yatsa ta juya hannayensa zuwa daidai inda Malam ya nuna.

"Alhamdu lillahi, kin ga lokaci ya yi cif. Maza tafi. In ya yi magana ki ce agogo ne ya sallame ki."

Na isa ana shirin fita hutun ƙarfe tara. Malam Babba ya tambaye ni, na gaya masa yadda aka yi da muryar da ko ni da ƙyar nake ji. Ya ɗaga bulala, ya sauke, ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Daga ranar bai sake dukana a kan hadari ba.

Yanzu bari in zo kan kitso, domin shi ya tona ni.

Daren da za a kawo ni Innata ta yi mini kitso ƙanana, ta ja su sosai, ta ce su kai ni har in saba da gidan. Sun kai ni, sun wuce. A gidan Goggo ba a yi wa yarinya kitso sai a inuwarta, ni kuwa ba ni da ita. Sai na riƙa ɗaure ɗankwali tamau, ina gyara bakin gashin da kaina a bayan ɗaki. Gaskiya ko da an ce in tsefe ban tabbata zan yarda ba, domin shi kaɗai ne abin da hannun Innata ya taɓa da ya rage a jikina. Kaina ya yi ta ƙaiƙayi, ina sosawa da fensirin allo in ba mai kallo.

Sai aka ce Baturiya mai duba makarantu za ta zo. Uwar makaranta, dattijuwar da ke kula da mu 'yan mata, ta jera mu a rana tana duba farce da haƙora da kai. Da ta zo kaina ta fizge ɗankwalin, ta ja da baya ta yi salati. 'Yan aji suka fashe da dariya. Ta kama hannuna, ba ta sake shi ba sai a tsakar gidanmu.

Mun tarar inuwa na kan Sabo, Goggo na ɗinke masa aljihu. Ba ta ɗago ba.

"Jini?"

Uwar makaranta ta ce, "A'a."

"Wuta? Kunama?"

"Ƙwarƙwata!"

Allura ta tsaya. Goggo ta ce, "A gidan wa?"

"A gidanki, Dija. Ga kan, duba da idonki."

Ta tashi ta zo ta buɗe gashina da yatsu biyu. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Wannan ai ba hannuna ba ne. Yaushe rabon da in yi miki kitso?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke, da ke nake. Wanne ne tsingaronki?"

Na ce, "Babu."

"Kamar yaya babu?"

Ta saki kaina ta bi jerin tana nunawa da yatsan ƙafa, tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙofar madafi. Ta dawo ta sake bi daga farko. Da ta kai ƙarshe karo na biyu sai ta tsaya, ta ba mu baya, ta yi wata magana ƙasa-ƙasa da Ngizimanci, harshen da ba ta komawa gare shi sai abu ya kai mata wuya. Ko Sabo bai yi motsi ba.

Da ta juyo, faɗa ta kama yi, amma muryar ba ta faɗa ba ce.

"Ke wannan bakin ado aka yi miki shi? Tun rani kina zaune a gindin bango kina kallona! Duk wanda kika gani a jerin nan da kuka ya samu wurinsa. Auta tun yana kwana bakwai ya karɓi nasa da ihu. Allah ne kaɗai ke jin wanda bai yi magana ba, ni kuwa Dija ce!"

Ta sallami uwar makaranta da ƙuli-ƙuli, ta sanar da cewa ƙwarƙwata ta shiga cikin abubuwan da ba sa jira, amma na yau kaɗai, kada wani ya je ya nemo. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta da tsinke da ragowar man gyaɗa na gindin kwano. Tana tsifa hawaye na zubo mini, ban yi sauti ba, amma sun ɗiga a ƙafarta.

"Na uwarki ne?"

Na gyaɗa kai.

"Hm. Ba ta iya tsaga ba, duk a karkace. Amma ta ja da zuciya ɗaya, shi ya sa ya daɗe."

Washegari aka shiga shawarar inda za a sa ni. Matsala biyu ce. Ta farko, filin ya cika, kuma da ta ce kowa ya ɗan matsa sai gidan ya kaure da kuka. Ta biyu, babu tsingaro. Sabo ya ce shi zai fasa tulu yanzu-yanzu in za a ba shi ƙuli-ƙuli biyu.

"Lafiyayyen tulu? Fasa ka gani, da kanka zan riƙa ɗebo ruwa! A jira wata tukunyar ta mutu da kanta."

Na koma gindin katanga. Na ce a raina shi ke nan, tukwanen Goggo ba sa mutuwa, ko sun tsage liƙe su take yi. Inuwa ta bi ta kan kowa, rana ta yi ja, ta je ta zauna a wurinta na ƙofar madafi ta miƙe ƙafa. Can sai na ji ta ce, "Ke Ƙadangaruwa. Sauko daga bangon nan ki zo."

Na je na tsaya. Ta nuna babban tsingaron nan da haɓa.

"Kin san na wane ne? Na Baba Soja ne."

Ashe shi ma da nasa! Mutumin da aka ce in ya yi tsawa a bariki sai kowa ya ƙame, in ya shigo gida da magana sai a ce masa ya jira inuwarsa, ya kuwa ɗauki buzunsa ya je ya jira.

Ta ce, "Yanzu ba ya amfani da shi, ga shi yana zaune a banza. Aro na ba ki, ba kyauta ba, kin ji ko? Kuma da sharaɗi. Wannan lokacin hutun kunnena ne. Ba ƙara, ba kuka, ba surutu."

A duk duniya in akwai abin da na iya, shi ne wannan. Na zauna.

Wallahi ban taɓa karya sharaɗin ba. Ita ce ta karya shi tun ranar farko, kuma ba ta fasa ba har shekara uku. Da na zauna sai ta fara: gyaɗar bana ba mai, gwiwarta ta hagu ta fi ta dama rashin kunya, Buba ya ƙi maganar aure, Baba Soja ma ya taɓa matsar da tsingaronsa, a wurinsa Sabo ya gado. Wani lokaci tana yi mini kitso, wani lokaci hannunta kawai ke kan kaina kamar ta ajiye shi ta manta. In an kira magariba sai ta tashi tana cewa, "Kai, yarinyar nan kin cika ni da surutu."

A nan ne na ji abin da ban taɓa jin ta gaya wa kowa ba. Ranar da Auta ya kifar da man da ta wuni tana matsa, ba ta taɓa shi ba, ta ce ya jira inuwarsa, da inuwar ta zo kuma sai ta ja masa kunne kawai. Da yamma ta ce mini, "Mutane na cewa Dija mai haƙuri. Ƙarya ne, ba ni da shi ko na anini. Da na kama yaron nan a lokacin, da sai an ɗauke shi a hannuna. Kafin inuwa ta rarrafo daga can zuwa nan, zuciyata ta sauka. Su suna ganin su ke jira. Ni nake jira."

Kullum kuma kafin ta tashi sai ta tambaye ni, "Ke fa, ba abin da kike so?" In ce babu. Ta yi tsaki ta ce, "Wata rana dai sai kin buɗe bakin nan kin roƙi wani abu a wurin wani. Allah ya sa ina kusa in ji, in yi guɗa."

Ba ta ji ba. Daminar da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da ita, bai ɗauki kwanaki da yawa ba. Ran da ta cika tun safe gari a lumshe yake, ana yayyafi. Ladi na kuka ta ce, "Kun ga Goggo ko? Sai da ta zaɓi ranar da ba ta ci lokacin kowa ba." Muka yi dariya muna kuka, har matan da suka zo wanka suka harare mu.

Maƙwabta suka share tsakar gida don shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Ba su sani ba, suka tumɓuke jerin duka suka zuba a juji. Ina ganinsu, kuma kamar kullum ban ce komai ba. Amma na riga su zuwa ƙofar madafi, na zare babban na ɓoye a cikin zanena. Har yanzu in la'asar ta yi inuwa takan fito daga gindin katanga ta bi tsakar gida ta wuce, ba abin da take taɓawa. Auta yakan tsaya a inda nasa yake a da, ya dudduba, ya koma ɗaki.

Allah ya jiƙan Goggo Dija. Allah ya yafe mata faɗanta da rabin murɗinta, ya saka mata da kowace yamma da ta raba mana ba ta rage wa kanta komai ba. Ranar da rana za ta sauko dab da kawunan mutane, ya Allah ka sa ta a inuwar Al'arshinka, kada ka bar ta ta jira.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, ban san ma ta wane gefe aka sa ta ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na ji Yaya Buba na cewa zai je ya gyara kabarin, ruwa ya zaizaye shi. Shekara uku muna gida ɗaya da shi ban taɓa haɗa ido da shi ba, muryarsa ta kasuwar shanu ce, in ya yi sallama ma sai gabana ya faɗi. Na bi shi har zaure, tsingaron na hannuna a bayana. Ya ɗauki fartanya ya juyo ya gan ni a bakin ƙofa.

Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi, idonsa ja. Ya ce, "Ƙadangaruwa? Jini ne, ko wuta, ko kunama?"

Na miƙa masa da hannu biyu.

Na ce, "Roƙo ne, Yaya. Wannan aro ta ba ni. Don Allah ka mayar mata, ka kafa shi a wajen kanta, inda inuwa za ta same shi da yamma."